Yadda ake kai iyali yawon wuraren tarihi da gidajen zane a ƙasar waje

Duk wanda ya taɓa shiga babban gidan tarihi a lokacin hutun makarantu ya san hoton nan: maigida a gaba riƙe da taswira yana zabga sauri, uwargida a baya da jaka a kafaɗa ɗaya, ƙaramin yaro a ɗayar, babbar 'yar ta dulmuya cikin waya, na tsakiya kuwa duk bayan minti biyar sai ya ja rigar uwar ya ce, "Mama, yaushe za mu fita?" An biya jirgi, an sha layin biza, an iso wurin da aka daɗe ana jin labarinsa, ga shi kowa ya ɗaure fuska. Ni ma na taɓa zama wannan maigidan. A tafiyarmu ta farko wurare huɗu na cusa a rana guda, har sai da autarmu ta zauna dirshan a tsakiyar wani zaure ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta ƙara taku ɗaya ba. Tun daga ranar nake auna tafiya da ƙafar mafi ƙanƙanta a cikinmu. Ga yadda ake yi, daki-daki.

Mataki na 1: Ku duba kalanda kafin ku sayi tikitin jirgi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan gidajen tarihi suna da ranar hutu, kuma kowanne da tasa. A Faris, Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, gidan zane na Orsay da fadar Versailles kuwa Litinin suke hutawa. Gidan zane na Uffizi a birnin Florence ma Litinin. Fadar Topkapi ta Istanbul a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar birnin mai rufi kuma ranar Lahadi. Gidajen tarihin Vatican ba sa buɗewa ranar Lahadi sai Lahadin ƙarshen wata. Taj Mahal na Indiya ba ya karɓar 'yan yawon buɗe ido ranar Juma'a. Iyalin da ke da kwana uku kacal a gari, in suka sauka Litinin da yamma suka ware Talata don Louvre, to sun yi asarar wuni guda tun ba su bar gida ba.

Sai lokacin shekara. Yuli da Agusta su ne ƙololuwar cunkoso a Turai, kuma a Girka da Italiya da kudancin Sifaniya zafin watannin nan ba wasa ba ne. In kuna da zaɓi, Afrilu zuwa Mayu ko Satumba zuwa Oktoba sun fi daɗin yawo. In hutun makaranta ya tilasta muku tsakiyar zafi, ba komai, sai dai duk abin da ke fili a yi shi da sassafe, a bar tsakar rana ga gine-gine masu inuwa.

Maganar takardu kuwa a taƙaice: bizar Shengen ɗaya tana shigar da ku Faransa da Italiya da Sifaniya da Girka da sauran ƙasashen yarjejeniyar, amma Birtaniya ba ta ciki, tata daban ce. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga kowane mutum, yara ma haka. In ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai yi tafiya da yaran, ya riƙe takardar amincewar ɗayan da takardun haihuwa.

Mataki na 2: Babban wuri ɗaya a rana, abu biyar ko shida a cikinsa

Nan ne yawancin tafiye-tafiye ke lalacewa, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Louvre yana da kayayyaki kimanin 35,000 a baje. In mutum ya ba kowanne sakan 30 kawai, yana yini awa 8 a tsaye, sai ya yi sama da wata guda bai gama ba. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan yana riƙe da kaya wajen miliyan 8, ɗan kaɗan ne daga ciki ake nunawa, amma kaɗan ɗin ma ya fi ƙarfin wuni ɗaya. Ashe ke nan duk wanda ya shiga da niyyar "ganin komai" ya ɗauko abin da ba zai iya ba. Gajiyar gidan tarihi ma aba ce da masana suka daɗe da sanya wa ido: tun 1916 wani ma'aikacin gidan zane na Boston, Benjamin Gilman, ya yi rubutu a kanta, har da hotunan yadda mai kallo ke sunkuyawa da durƙusawa da miƙe wuya kafin ya karanta bayani. Wani bincike da aka yi a gidan zane na Metropolitan a New York, aka wallafa a 2001, ya gano cewa mutane kan tsaya gaban shahararren zane na kimanin sakan 27 ne a matsakaici. Manya ke nan. To yaya yaro ɗan shekara shida?

Ƙa'idar da nake bi ita ce: yaro ƙasa da shekara bakwai, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin gini. Ɗan firamare, awa biyu da hutu a tsakiya. Matashi zai iya kaiwa uku in abin ya shiga ransa, in bai shiga ba ko minti ashirin ya yi masa yawa.

Ku zauna tun a gida, ku buɗe shafin intanet na wurin, ku sauke taswirarsa. Kowa a gidan ya zaɓi abu ɗaya da yake son gani da idonsa, har da ƙaramin. Ku rubuta lambar ɗakin kowane abu. Yanzu kuna da hanya, kuma yaron da ya zaɓi gawar Fir'auna da aka busar zai haƙura da zanen da babarsa ta zaɓa, don ya san nasa na tafe. Duk abin da kuka gani a tsakani, riba ce.

Akwai tarko ɗaya da taswira ke ɗanawa. A Istanbul, tsohon ginin Hajiya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmed suna kallon juna, fadar Topkapi na bayansu da 'yar tafiya, tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa kuma tana tsallaken titi. Mutum zai ce ai duk wuri ɗaya ne, mu kwashe su yau. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Topkapi kaɗai rabin wuni ce, da farfajiyoyi huɗu da layi a ƙofar ɗakunan da aka fi so. Ku raba su kwana biyu. Haka ma a Rum: Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, da kangayen tsohon birni rana ɗaya, Vatican wata ranar daban, kada ku haɗa.

Kuma kada ku raina ƙananan gidaje. Orangerie a Faris ɗakuna biyu ne masu siffar ƙwai, an zagaye su da manyan zane-zanen furannin ruwa guda 8 na Claude Monet. Cikin awa ɗaya kun gama, yaro ya fito da ƙarfinsa, ga lambu a bakin ƙofa. A ganina irin wannan ya fi dacewa da ranar farko, lokacin da jiki bai gama sabawa da sabon agogo ba.

Mataki na 3: Tikiti

Yanzu manyan wurare da yawa tikitin lokaci suke sayarwa, wato ka zaɓi rana da awa tun kafin ka je. Louvre ya taƙaita masu shiga zuwa 30,000 a rana. Akrofolis, tudun tsofaffin gine-gine na Atina, ya sa iyakar 20,000 tun daga 2023, an kuma rarraba su awa-awa. Gidan zanen Van Gogh a Amsterdam ta intanet ake sayen tikitinsa. Mafi tsanani a cikinsu ita ce fadar Alhamra ta birnin Granada a Sifaniya: tikitin yana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, kuma an rubuta ainihin lokacin da za ka shiga fadojin sarakunan Banu Nasr. In lokacin ya wuce, shi ke nan, ba roƙo ba magiya. A lokacin cunkoso tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar, don haka shi za ku fara saya, sannan ku gina sauran tafiyar a kansa.

Ku saya daga shafin wurin na asali. In kuka rubuta sunan wuri a Google, sau da yawa waɗanda ke fitowa a sama dillalai ne masu ninka farashi da sunan "tsallake layi". Layin sayen tikiti kawai ake tsallakewa, kuma duk mai tikitin intanet ya riga ya tsallake shi. Layin binciken jaka kuwa kowa sai ya bi.

Yara sukan shiga kyauta ko da rangwame. A Louvre da Orsay, da Kolosiyam da sauran wuraren gwamnatin Italiya, da gidan zanen Rijksmuseum na Amsterdam, 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya. A Alhamra 'yan ƙasa da 12 ne. Amma a kula: kyauta ba ta nufin ba tikiti. Ku sa kowane yaro a cikin odar, ya samu nasa na sifiri, ku kuma riƙe fasfonsa don shaidar shekaru, musamman in yaron ya yi tsawo. Gidan Tarihin Birtaniya da Gidan Zane na Ƙasa a Landan, da gidajen Smithsonian a Washington, kyauta ne ga kowa.

Akwai kuma ranakun kyauta: Lahadin farkon wata a wuraren gwamnatin Italiya, Lahadin ƙarshen wata a Vatican, awa biyun ƙarshe na yini a gidan zanen Prado na Madrid. Ga ɗalibi mai yawo shi kaɗai, garaɓasa ce. Ga mai yara uku, ban ba da shawara ba. Abin da kuka tsira da shi na kuɗi za ku biya shi da awa biyu a layi cikin rana.

Katin bai ɗaya, irin na gidajen tarihin Faris mai kwana 2 ko 4 ko 6 a jere, sai kun yi lissafi. Yana biyan kansa ne in ana shiga wurare biyu ko uku kullum, abin da na ce kada ku yi. Kuma tunda yaran kyauta suke shiga, ba sa bukatarsa.

Ku ɗauki hoton kowane tikiti a waya, ku kuma buga shi a takarda. Intanet kan ɗauke daidai lokacin da kuka iso gaban mai duba.

Mataki na 4: Ku kai labari kafin ku kai ƙafa

Dutse dutse ne ga yaron da bai san labarinsa ba. Mako biyu kafin tafiya, ku riƙa ba su labarin abubuwan da kuka zaɓa, ɗaya-ɗaya, kamar tatsuniya.

Dutsen Rosetta da ke Gidan Tarihin Birtaniya, in ka gan shi haka kawai, baƙin dutse ne fasasshe a cikin gilashi. Amma ka ce wa yaro sojojin Faransa ne suka tsince shi a 1799 kusa da garin Rashid a Masar, an rubuta saƙo ɗaya a jikinsa da rubutu iri uku, kuma a lokacin an fi shekara dubu babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni a duk duniya, har sai da wani Bafaranshe, Champollion, ya warware shi a 1822 ta hanyar gwama shi da na Girkanci. Yanzu ya zama mabuɗin asiri, kuma yaron zai tsaya yana neman inda rubutu ɗaya ya ƙare wani ya fara.

Zanen Mona Lisa ma haka. A 1911 wani ɗan Italiya da ya taɓa aiki a Louvre, Vincenzo Peruggia, ya fice da ita, ya ɓoye ta a ɗakinsa a Faris sama da shekara biyu, sai a 1913 aka kama shi a Florence yana neman mai saye. Ku kuma gaya musu gaskiya tun da wuri: 'yar ƙarama ce, santimita 77 a tsaye, 53 a kwance, tana bayan gilashi, kuma daga nesa za ku hango ta ta saman kawunan mutane. Wanda aka shirya shi ba ya jin an yaudare shi.

Fir'auna Tutankhamun ya hau gadon sarauta yana kimanin shekara tara, kuma da Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922 an samu kaya sama da 5,000 a ciki. A Hasumiyar Landan akwai manyan hankaki baƙaƙe ƙirin da ke da ma'aikaci na musamman mai kula da su, saboda camfin cewa ranar da suka tashi masarauta za ta faɗi. A ma'ajiyar ruwan Istanbul, cikin ginshiƙai 336, akwai biyu da aka ɗora kan sassaƙen kan Medusa, dodanniyar tatsuniyar Girkawa, ɗaya a kife, ɗaya a kaikaice. A benen Hajiya Sofiya, ginin da aka kammala tun shekara ta 537, akwai inda wani mutumin arewacin Turai ya karce sunansa a jikin marmara ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Yara suna son jin cewa rashin ji ba da su aka fara ba.

Sai wata magana da ya kamata iyaye su yanke tsakaninsu tun a gida. Gidajen zane na Turai cike suke da mutum-mutumi da zane-zanen tsiraici, musamman ɓangaren Girka da Rum da na Italiya. Mutum-mutumin Dawuda na Michelangelo a Florence ya fi mita biyar tsawo, kuma ba ko ƙyalle a jikinsa. Kowane gida da inda ya ja layinsa, ba ni zan faɗa muku naku ba. Abin da na sani shi ne kada abin ya zo muku ba shiri, ku tsaya kuna rufe wa yara ido a tsakiyar jama'a. In kun zaɓi kaucewa, taswira za ta taimaka: a Louvre akwai ɓangaren Masar, da na tsohuwar Iraƙi mai bijimai masu fukafukai da dutsen dokokin Hammurabi, da sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, da tushen tsohuwar ganuwa a ƙarƙashin ginin. Kaucewa gaba ɗaya dai da wuya, don hanyoyin wucewa ma akwai su. Gara ku tanadi amsa gajera, ku faɗe ta ba tare da daburcewa ba, ku wuce.

Mataki na 5: Kayan rana

Takalmin da ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi a ranar Vatican, inda hanyar ke miƙewa zaure bayan zaure ba komawa baya, azaba ce.

Jaka ƙarama. Louvre ba ya karɓar wadda ta wuce santimita 55 da 35 da 20, Gidan Tarihin Birtaniya kuma ba ya barin akwati mai taya, don haka kada ku ce za ku biya ta can a hanyar filin jirgi. A wurare da yawa za a ce ku juyo da jakar baya zuwa ƙirji ko ku ajiye ta a ma'ajiya.

Keken jariri yana da amfani a gine-gine masu lif, har wasu kamar Louvre suna ba da aronsa. Amma ba a shiga da shi fadojin Alhamra ko saman Akrofolis, kuma a titunan duwatsu na tsohon Rum wahala ce zalla. Abin goyo ya fi.

Sutura: a Vatican dole kafaɗa da gwiwa su kasance a rufe, maza da mata. A masallatan Istanbul ana cire takalmi, mata su rufe kai. Mayafi ɗaya mara nauyi a jaka yana raba gardama, ya kuma yi maganin sanyin na'urar sanyaya ɗaki. Sai gorar ruwa, da ɗan abin taɓawa, da ƙaramin littafi da fensir ga kowane yaro. Fensir fa, don gidajen zane da yawa ba sa son biro kusa da kayansu.

Mataki na 6: A cikin ginin

Da sanyin safiya ake kama fara. Ku ɗauki tikitin awar farko, ku iso minti 20 kafin lokaci, kowa ya karya kumallo sosai. A Louvre ba dole ne ku bi ta dalar gilashi ba, akwai mashiga ta ƙarƙashin ƙasa daga rukunin shagunan Carrousel, wadda aƙalla ba rana ba ruwan sama.

Da kun shiga, abu uku kafin kallo. Kowa ya shiga bayi, ko ya ce ba ya ji. Ku nuna wa yara kayan ma'aikatan wurin, ku ce in ka ɓata, ka tsaya inda kake, ka gaya wa mai irin wannan rigar. Sannan kowane yaro ya kasance da kati a aljihu mai sunansa da lambar wayarku haɗe da lambar ƙasa da sunan otal. Ni nakan ɗauki hoton yaran kowace safiya, don in ta ɓaci ba sai na tsaya tuno launin rigar da suka sa ba. Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya 112 ce, a Birtaniya 999.

Ku fara da abin da ya fi jan jama'a tun ɗakin bai cika ba, sannan ku dawo sannu a hankali. A ɗakin Mona Lisa, bayan kun gan ta, ku juya baya. Zanen da ke fuskantarta shi ne mafi girma a duk Louvre, bikin auren Kana na Veronese, faɗinsa ya kusa mita 10, da mutum sama da 100 a ciki, kuma kusan kowa ya ba shi ƙeya. Ku ce wa yara su ƙirga karnukan da ke ciki. Za su yi minti goma ba su sani ba.

Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya: a ba ido aiki. A gaban zanen Rembrandt na 1642 a Rijksmuseum, wanda aka fi sani da masu gadin dare, ku ce su nemo yarinyar da ke rataye da kaza a ƙugu. A Prado, gaban zanen 'yar sarki da kuyanginta na Velázquez, su nemo mai zanen kansa, da sarki da sarauniya a cikin madubi, da wanda ya ɗora ƙafa kan kare. A Gidan Zane na Ƙasa a Landan akwai zanen jakadu biyu na Holbein na 1533, da wani abu dogo a karkace a ƙasansa kamar an yi kuskure. Ku kai yaron gefen dama, ya kalla ta kaikaice, sai ƙoƙon kan mutum ya bayyana. Ban taɓa ganin yaron da bai koma ya sake gwadawa ba. A Alhamra su ƙirga zakunan da ke ɗauke da kwarmin ruwa, 12 ne, mai iya karatun Larabci kuma ya nemo sau nawa aka maimaita "Wa la galiba illallah" a bango ɗaya.

Ku rage lacca. Tambaya ta fi: wa kake ganin ya fi kuɗi a cikin mutanen nan? Me ya faru minti ɗaya kafin wannan? In za a ba ka ɗaya ka rataya a ɗakinka, wanne? Na'urar sauraron bayani tana da amfani ga matasa, amma takan mai da iyali kurame, kowa da abinsa a kunne. Ɗaya ta isa, mai ita ya riƙa ba sauran labari. Ɗan jagora kuwa a kangaye ya fi amfani, irin su tsohon birnin Rum, inda ba bayani sai tarin duwatsu. Ku ɗauki mai lasisi, ku gaya masa shekarun yaran tun kafin a fara.

Doka ɗaya ba sassauci: ba a taɓawa. Ku bayyana dalili, cewa maiƙon hannu yana cin fenti da dutse a hankali, kuma mutum dubbai ne ke wucewa kullum. Ƙananan su riƙe hannayensu a baya in sun matso kusa.

Duk bayan minti 40 a zauna. In kun ga an fara jan ƙafa ko tsokanar juna, lokacin fita ya yi, ko da saura abu biyu a takardarku. In manya biyu ne, ɗaya ya fita da ƙananan zuwa lambu, ɗayan ya ƙarasa da babban, gobe a yi musanya. Ku tambaya dai kafin fita, don tikiti da yawa ba sa ba da damar dawowa.

Mataki na 7: Wuraren fili da wuraren ibada

A fili rana ce abokiyar gaba. An sha rufe Akrofolis da tsakar rana a 'yan shekarun nan saboda tsananin zafi, ga marmarar hanyar ta goge tana santsi. Hula, ruwa, da hawa tun ƙarfe takwas. A dalar Giza shiga cikin babbar dala tikiti ne daban, hanyar ƙunci ce, a sunkuye ake hawa, iska ba ta wadata, kuma abin da ke ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse wanda ba komai a ciki. Matashi zai ji daɗin bugun ƙirji da shi, ƙaramin yaro ko mai tsoron matsatsi gara ya tsaya waje. In za a hau raƙumi, a gama ciniki tun ana ƙasa, a kuma tabbatar kuɗin ya haɗa da saukowa.

Ku ƙirga matakala kafin ku yi wa yara alkawari. Hasumiyar Eiffel 674 ne zuwa bene na biyu ga mai hawa da ƙafa. Ƙubbar cocin Saint Peter 551 ne, lif yana rage su zuwa 320, kuma can sama hanyar ta matse ta karkace. Hasumiyar Pisa mai jirkice ba a barin ɗan ƙasa da shekara 8 ya hau sam.

Wuraren da har yanzu ake ibada a cikinsu suna da nasu agogon. Masallacin Sultan Ahmed yana dakatar da masu kallo a lokutan salla, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko. Hajiya Sofiya, da ta koma masallaci a 2020, tun farkon 2024 baƙi masu kallo tikiti suke saya su hau bene ta wata ƙofa daban. A ɗakin ibada na Sistine, mai rufin da Michelangelo ya zana tsakanin 1508 da 1512, ba magana ba hoto, kuma masu gadi ba sa gajiya da tunatarwa. Ku gaya wa yara tun a ƙofa.

'Yan sane kuma sun san inda hankali ke tafiya: layi, jirgin ƙasa, da lokacin da kowa ya ɗaga kai sama. Fasfo a jakar ciki, waya ba a aljihun baya ba. Mai miƙo maka zare ya ɗaura a hannu ko takardar sa hannu, ka ce a'a ka ci gaba da tafiya.

Mataki na 8: Hoto, tsaraba, da yamma

Yawancin gidaje sun yarda da hoto ba filashi, ba sandar ɗaukar kai. Prado ya hana gaba ɗaya, haka ɗakin kayan sarauta a Hasumiyar Landan. Ku ba kowane yaro damar hoto biyar kacal a wuri, za ku ga yadda yake tsayawa ya zaɓa.

Kusan kowace hanyar fita ta cikin shagon tsaraba take bi, kuma da gangan aka yi. Ku yanke adadi tun a otal. Mafi arha kuma mafi daɗewa shi ne katin hoto na abin da yaron ya fi so, ya rubuta kwanan wata da jimla ɗaya a bayansa. Abinci kuwa ku yi tafiyar titi biyu ko uku daga bakin ƙofa kafin ku zauna, farashi yakan sauka.

Bayan azahar a bar wa yara: lambu, jirgin ruwa, filin wasa, ko barci kawai. Da dare ku fito da katunan, kowa ya faɗi abin da ya fi ba shi mamaki, sannan ku duba tikitin gobe, awa nawa ne, ta wace ƙofa, da wane jirgi za a bi. In kun lura ƙafafu sun kumbura kuma wurin goben ba mai tikitin lokaci ba ne, ku tura shi jibi, a yi barci har rana ta fito.